Kwana Biyar a Jamus: Wa Zan Fara Gaisarwa?

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Wata 'yar matsala ce da kan sami duk wanda Allah ya nufa da fita waje karo na farko, wato kwanaki kaɗan, guzuri kaɗan, garuruwa kuwa ga su nan birjik, kowanne yana yafito ka da hannu. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma fa ba su ce kowace ƙofa sai ka buɗe ta rana ɗaya ba.

Ni malamin makaranta ne a Ƙauran Namoda. Mahaifiyata 'yar Zurmi ce, yayanta kuma, wato kawuna, kasuwanci ya zaunar da shi a Shinkafi tun ban san kaina ba. A ƙarshen watan Satumba na 2024 aka gayyace ni wani taron malamai na kwana uku kusa da birnin Farankfut a ƙasar Jamus. Da na lissafa kwanakin da bizata ta ba ni, sai na ga bayan an tashi taro ina da kwana biyar cif kafin jirgin Abuja ya ɗauko ni. To ina zan nufa da su?

Ai kuwa da labari ya bazu sai masu shawara suka yi mini caa. Samarin unguwarmu da ba su da aiki sai gidan kallon ƙwallo suka ce in ban je Munik na ga filin wasan Bayern ba, to ban je Jamus ba. Wani abokin aikina ya shiga intanet ya zaƙulo mini jerin garuruwa bakwai, har da tsarin yadda zan kwana a cikin jirgin ƙasa don kada in rasa ko ɗaya. Na dubi takardar nan na ce masa, "Malam, wannan ai ba ziyara ba ce, tallan goro ne." Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle bakwai.

Wanda ya warware mini zaren shi ne kawu. Wata Alhamis, ranar da kasuwar Shinkafi ke ci, na bi ayarin motoci na je yi masa sallama. Na same shi a zaure da tsohuwar rediyonsa wadda aka ɗaure murfin batirinta da roba. Da na zayyana masa sunayen garuruwan sai ya ce, "Kai yaro, mi za ka yi wani Munik, wa ka sani can? In dai Allah ya kai ka ƙasag ga, ka tahi Bon ka gaishe min da mutanena. Shekara arba'in suna shigo min ɗaki sahe da marece, ban taɓa ba su ko ruwan sha ba."

Na ce, "To Kawu, in sha Allahu zan isar."

Muryar Jamus yake nufi. Sashen Hausa na wannan gidan rediyo ya fara watsa shirye-shirye a 1963 daga birnin Kolon, sai a 2003 aka mayar da gidan Bon. A wurin kawu, Jamus ba ƙasar motoci ko ƙwallo ba ce, wasu baƙi ne da suka daɗe suna yi masa sallama da harshensa, shi kuwa bai taɓa rama musu ba.

A hanyar komawa Ƙaura na yi ta juya maganar nan. Ku duba yadda muke yi ranar Sallah. Gari cike yake da gidaje masu kyau, amma ba wanda ke bin su ɗaya bayan ɗaya don kyan ƙofa. Kana fara wa da wanda ke da haƙƙi a kanka, ka zauna, ka sha ruwa, a yi hira, sannan ka tashi. Gida uku da ka zauna sun fi gida goma da ka leƙa. Sai na ce to bari in auna garuruwan Jamus da wannan mudu: wane gari ne ya taɓa zuwa wurinmu, har muke da bashin gaisuwa a kansa?

Da na sa wannan ma'auni, abin mamaki, sai ga Zurmi ta shigo cikin lissafi. A 1853 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya taso daga Katsina zai je wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ta Zurmi ya bi, ya wuce ta Badarawa da ke ƙasar Shinkafi a yau, sannan ya keta dajin Gundumi, tafiyar kwana da yini ba hutawa saboda tsoron harin Gobirawa. Duk ya rubuta wannan a littafinsa mai juzu'i biyar da ya fito a 1857 da 1858. Cikin masu yi masa hidima akwai wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, sunansa Dorugu, wanda abokin tafiyar Barth, Adolf Overweg, ya 'yanta daga bauta kafin ya rasu a bakin tafkin Chadi a 1852. Barth da Overweg duk 'yan Hambug ne. Da tafiya ta ƙare a 1855, Barth ya tafi da Dorugu Turai, har ya kai shi Hambug. Wato shekara 169 kafin ni, wani Bahaushe da ya taka ƙasar Zurmi da ƙafarsa ya riga ni shiga wannan birni.

Shi ke nan jerin ya tsaya da kansa: Bon da Kolon, sai Hambug, sai Barlin inda Barth ya rasu a 1865. Munik kuwa na ajiye ta, domin tana can kudu nesa da layin da na shata, ga shi kuma lokacin ya faɗo daidai da babban bikin giyarsu na shekara-shekara, lokacin da kuɗin masauki ke tashin gwauron zabo. Samarin unguwa sun yi fushi na kwana biyu, suka huce.

Daga filin jirgin saman Farankfut zuwa Kolon kimanin awa guda ce a jirgin ƙasa mai gudu. Kana fitowa daga tasha za ka yi kiciɓis da babbar majami'arsu, wadda aka fara ginawa a 1248 ba a gama ba sai 1880, tsayinta mita 157. Na ɗaga kai har hulata ta nemi faɗuwa. Na yi kwana biyu a garin, na yi sallah a babban masallacinsu na unguwar Ehrenfeld da aka buɗe a 2018, na ci gurasa da nama a shagunan Turkawa, waɗanda su ne rufin asirin baƙo mai neman halal. Bon ba ta kai rabin awa daga nan ba. Gari ne mai sanyin hali, ba za ka ce shi ne ya riƙe babban birnin Jamus ta Yamma daga 1949 har ƙasar ta haɗe a 1990 ba. Na je har ƙofar gidan rediyon a bakin kogin Rhine, na tsaya na kira kawu. Allah ya taimake ni ranar akwai sabis a Shinkafi. Na ce, "Kawu, ga ni ƙofar gidan mutanenka." Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, can sai na ji ya ce, "Madalla. Allah shi yi maka albarka." Wallahi da a nan tafiyar ta ƙare, da kuɗin jirgina bai faɗi banza ba.

Hambug tafiyar awa huɗu ce daga Kolon, kwana ɗaya na yi. Birnin ruwa ne a bakin kogin Elbe, jiragen kaya manya kamar unguwa guda suna shiga suna fita. Na nemi titin da aka sa wa sunan Barth kusa da jami'ar garin, wadda ke cikin jami'o'in Jamus da suka daɗe suna koyar da Hausa. Titi ne kawai, gidaje da kekuna a jingine, ba wani abin ɗaukar hoto. Amma na zauna a wani benci ina tunanin Dorugu, yaron da aka raba da iyayensa, ya ratsa Sahara, ya zo nan cikin sanyi. Daga baya a Ingila ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa, J. F. Schön ya rubuta, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Ya komo gida ya rasu a Kano a 1912. Mu da muke rubuce-rubuce da karance-karancen Hausar boko, ko mun sani ko ba mu sani ba, muna da kaka a wannan bawan Allah.

Barlin ta ci kwana biyun ƙarshe, ita ce kuma ta fi nauyi a zuciya. Na ga ragowar katangar da ta raba garin biyu daga 1961 zuwa 1989. Na je maƙabartar unguwar Kreuzberg na ga kabarin Barth. A wannan gari aka buga ƙamus ɗin Hausa na Adam Mischlich a 1906, mutumin da ya sha karatu wurin Imam Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna Kete-Krachi. Amma a nan ne kuma, a titin Wilhelm, Bismarck ya tara ƙasashen Turai daga Nuwamban 1884 zuwa Fabrairun 1885 suka tsara dokokin rabon Afirka, ba ko mutum ɗaya daga cikinmu a teburin. Ginin babu shi yanzu, sai allo mai bayani a gefen hanya. Ashe ba kowane bashi ne na gaisuwa ba, wani na tambaya ne, shi ma kuwa sai ka je da ƙafarka.

Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne wannan. Cikin kwana biyar na ratsa ƙasar mutane daga yamma zuwa arewa zuwa gabas, wani lokaci cikin dare, ban taɓa tambayar kowa ko hanya na da lafiya ba. Iyakar damuwata jirgi ya yi latti. Mu ma fa muna da tasha, tun 1929 dogo ya iso Ƙaura daga Zariya, nan ne ma ƙarshen layi. Amma daga Ƙaura zuwa Zurmi, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota, sai mutum ya yi waya uku, ya jira a taru, ya bar wasiyya a zuci. Ba mu manta 2021 ba, lokacin da aka rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga. Barth ya keta Gundumi a tsorace a 1853, ga mu jikokin waɗanda ya tarar muna bin hanyoyinmu a tsorace. Akwai 'yan'uwan mahaifiyata a ƙauyukan Zurmi da na fi shekara uku ban sa su a ido ba, alhali na ga Barlin.

Don haka ɗan'uwa ko 'yar'uwa, in Allah ya ba ka irin wannan dama, ga abin da zan ce. Kada ka wuce gari uku a kwana biyar. Ka zaɓi waɗanda ke kan layin dogo ɗaya, ka sayi tikiti da wuri domin ya fi sauƙi, ka kuma tuna ranar Lahadi yawancin shagunansu a rufe suke. Sama da duka, kafin ka tambayi intanet, ka tambayi tsofaffin gidanku. Mai yiwuwa naka bashin ba a Bon yake ba, wataƙila a garin da aka ƙera injin da mahaifinka ya yi shekara talatin yana gyarawa yake, ko inda wani malaminka ya yi karatu. Zumunci a ƙafa yake, ko a ƙasar Turawa.

Ni dai yanzu wani sabon jeri nake riƙe da shi a aljihu, shi ma gari uku ne: Zurmi, Badarawa, Shinkafi. Ina so wata rana in ɗauki ɗalibaina mu bi sawun Abdulkarim da Dorugu, mu tsaya inda muka ga dama, mu yi sallar Magariba a bakin hanya ba tare da waige-waige ba. Ku taya mu da addu'a. Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa da gonarsa, amin.