Daga Kano Zuwa Daura a Kan Sirdi: Darasin da Ƙugu Ya Koya Mini

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka shelanta janye tallafin man fetur, kekunan da suka shekara a jingine cikin zaure suka soma komowa kan titi. Ni ma ina cikin waɗanda tsadar mai ta kora kasuwa, na sayo keke na gwanjo, mai giya da siririn sirdi da lanƙwasasshen kai irin na 'yan tsere. Na yi wata da watanni ina hawansa daga gida zuwa ofis, tafiyar da ba ta wuce minti 20 ba, jikina bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Wannan ne ya ruɗe ni, har na ƙudurta cewa in hunturu ya kama zan taka shi daga Kano zuwa Daura, tafiyar fiye da kilomita 100 da ke ratsa jihohi uku: Kano da Jigawa da Katsina.

Ana idar da sallar asuba na goya jakata, cike da gorunan ruwa da tufafi da famfo da kayan faci, na bi titin Katsina ta Kurna da Rijiyar Lemo. Kusa da Dawanau na karkata na kama hanyar Ɗambatta. Wanda ya saba bin wannan hanya a mota bai san ta ba. A kan keke ne mutum ke jin ƙamshin hayaƙin kara daga ƙauyuka, ya ga gonakin da aka girbe sun yi fayau, ya lura da yadda gawo ke yin kore shar a lokacin da sauran itatuwa ke zubar da ganye. Sai dai iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, wanda ya nufi Daura kuwa kusan gaba da gaba yake yi da ita. Don in rage mata ƙarfi sai na duƙa, na dafe kan keke, na sa giya mai nauyi ina dannawa.

A hanya na riƙa wuce dattawa a kan tsofaffin kekunansu, Raleigh da Phoenix, wasu da buhu a kariya, wasu da damin itace. A miƙe suke zaune, suna taka feda a hankali kamar masu jan carbi. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, na ɗan ji alfahari duk sa'ad da na shige ɗayansu.

Alfaharin bai cika awa biyu ba. Da fari wani ɗumi na ji a ƙasan bayana, daidai inda ake ɗaura zariyar wando. Sannu a hankali ɗumin ya zama nauyi, nauyin ya zama tsami, kamar an ɗaure mini ƙugu da igiya ana ja. Ƙafafuna lafiya lau, numfashina lafiya lau, amma kowane rami na faɗa sai in ji shi har tsakiyar kaina. Kafin in kai Ɗambatta na tsaya ya fi sau biyar, kuma dattawan nan da na wuce, ɗaya bayan ɗaya suka zo suka shige ni, suna yi mini sannu.

A Ɗambatta na sauka a gindin wata darbejiya, wurin wani tsoho mai gyaran keke. Na ɗauki lokaci kafin in iya miƙewa sosai. Ya dube ni, ya dubi keken, ya ce, "Ɗana, daga ina haka?"

Na ce, "Daga Kano, Baba. Bayana ne ya sa ni gaba."

Ya ce in hau, shi kuma ya riƙe mini keken, ya sa na ɗora dunduniyata a kan feda na kai ta ƙasa. Ashe sai na karkata ƙugu kafin ƙafar ta isa. Ya yi murmushi ya ce, "Wannan keken dogo ne ya hau shi a ƙasarsu, kai kuma ka gaje shi yadda ya bar shi. Ko riga ka saya a gwanjo ai kana kai wa tela." Ya ɗauko sifana ya sassauta sirdin ƙasa kamar faɗin yatsu biyu, ya daidaita bakinsa da ya ɗaga sama, ya ɗago kan keken ya matso da shi kusa da ni. Sa'an nan ya ɗaura mini wata tsohuwar kariya, ya sauke jakar daga bayana ya ɗora a kanta. "Kaya na keke ne, ba na mahayi ba," in ji shi.

Abin da tsohon nan ya yi da sifana, shi ne abin da masana lafiyar ƙashi da tsoka ke bayyanawa da nasu harshen. A ƙasan gadon bayan ɗan Adam akwai ƙasusuwa biyar jere, tsakanin kowane biyu akwai wani faifai mai taushi da ke shanye girgiza. A tsaye, wannan sashe yana da ɗan lanƙwasa zuwa ciki. Idan mahayi ya duƙa don ya kai ga kan keken da ya yi masa nisa ko ya yi ƙasa, lanƙwasar sai ta juye, tsokoki da jijiyoyin wurin su zauna a ɗame na tsawon awowi. Sirdin da ya yi tsawo yana sa ƙugu rangaji dama da hagu a kowane taku, wanda kuwa ya yi awa uku yana tuƙi ya yi taku dubbai. Bakin sirdi in ya ɗaga yana tura ƙugu baya, ya ƙara wa baya gantsarewa ta inda ba ta dace ba. Giya mai nauyi tana tilasta wa baya ya zama madogarar ƙafa, jakar goyo kuma ta ƙara nata. Duk waɗannan kura-kurai na haɗa su a tafiya guda.

Akwai kuma laifin da ba na keke ba ne. Mu da muke wuni a kan kujera, tsokokin cikinmu da na gindin baya sun yi sanyi, na bayan cinya sun ɗaure. Tafiyar minti 20 ba ta isa ta tona wannan asiri, amma doguwar hanya ba ta rufa wa kowa. Ba mu kaɗai ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutane miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya. Kada kuma a ɗauka keken dattawa ba shi da nasa aibin. Zama a miƙe yana aika girgizar hanya kai tsaye zuwa ƙashin baya. Abin da ya cece su shi ne keke daidai jiki, taku daidai ƙarfi, da jikin da noma ya gina.

Ina hutawa sai ga mai tallar magani da tirensa, ya ce yana da haɗin da zai kai ni Daura ban ji komai ba. A nan ne haɗarin yake. Ciwo ɗan aike ne, wanda ya toshe masa baki bai kashe saƙon ba. Ƙwayoyin kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen suna iya cutar da ƙoda idan aka sha su jiki na ƙarancin ruwa, tramadol kuwa kowa ya ga abin da ya yi wa matasanmu. Na gode masa, na sayi ruwa.

Daga Ɗambatta zuwa Kazaure na canza hali. Na sa giya mai sauƙi, ƙafa na juyawa da sauri ba tare da dannawa ba. Bayan kowane minti 15 ko 20 sai in miƙe tsaye a kan feda na ɗan lokaci, in sauya wurin dafa hannu, in sassauta gwiwar hannu don ta sha girgiza. Kowace awa in sauka, in dafa ƙugu, in ɗan gantsare baya, in taka 'yan sawu. Ciwon bai ɓace ba, amma ya daina ƙaruwa. Da la'asar duwatsun Kazaure suka bayyana cikin hazo, garin da ya zama cibiyar masarautar da Ɗan Tunku ya kafa. A nan na kwana, na kwanta rigingine a kan tabarma, na jawo gwiwoyina zuwa ƙirji har na ji bayan ya saki.

Washegari kafin azahar na shiga Daura, na zarce rijiyar Kusugu. Kowane ɗan makaranta ya san labarinta: macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon nan Bayajidda da ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya kashe macijin, ya auri sarauniya Daurama. Yau rijiyar tana cikin gini, ana ba baƙo guga ya ja da kansa. Da na zo ja, na tsinci kaina ina lanƙwasa gwiwa maimakon in sunkuya da baya, abin da jiya da safe ba zai faɗo mini a rai ba. Jiki magayi.

Ga ɗalibai da ma'aikatan da suka koma keke, shawarata ita ce: ranar da ka sayi keke, ka kai shi a daidaita shi da tsawonka kafin ka saya masa ƙararrawa. Ka ƙara nisan tafiya kaɗan-kaɗan, mako bayan mako, kana motsa jikin da zai ƙarfafa ciki da baya. Ciwon gajiya yakan lafa cikin 'yan kwanaki. Amma in ya sauka ƙafa har ƙasa da gwiwa, ko ƙafa ta yi sanyi ko ta mutu, ko ya zo da zazzaɓi, ko ya biyo bayan faɗuwa, to likita za a nema. In kuwa fitsari ko bayan gida ya soma kufcewa, wannan na gaggawa ne, ba a kwana da shi.

Tsoron da nake ji shi ne mutum ya sha irin wahalar da na sha a rana ɗaya, ya jingine kekensa har abada, ya ce keke na kashe baya, alhali gyaran bai wuce aikin sifana na minti goma ba. A wannan zamani na tsadar mai, wannan hasara ce ga aljihu da lafiya baki ɗaya. A hanyata ta komowa na sake tsayawa a gindin darbejiyar nan. Tsohon ya ce, "Ɗana, yaya bayan?" Na ce, "Da sauƙi, Baba." Ya ce, "To madalla. Sannu ba ta hana zuwa."