Silinda ta Huɗu da Dokar Tsere

A Amurka akwai wani rukunin tseren motoci da ake kira Spec Miata, wanda ƙungiyar SCCA, da aka kafa a 1944, take cikin masu shirya shi. Matuƙan ba sana'arsu ba ce. Likitoci ne da injiniyoyi da masu shaguna, suna kashe kuɗin aljihunsu a ƙarshen mako. Sharaɗin rukunin shi ne kowa ya zo da mota iri ɗaya, tsohuwar Mazda Miata, domin gwanintar matuƙi ta raba gardama. Ƙa'idar da aka gina dokokin a kanta mai tsauri ce: duk gyaran da littafin doka bai halatta ba, haramun ne.

Sai dai motar tana da wani lahani da ta fito da shi daga masana'anta. Asalin injinta na Mazda 323 ne, inda ake girka shi a gicciye, ruwan sanyaya ya shiga ta wannan gefe ya fita ta wancan. Da aka juya shi a tsaye cikin Miata, sai aka dawo da mafitar ruwan gaba, kusa da mashigarsa. Ruwa kuwa hanya mafi kusa yake bi. Silinda ta huɗu, wadda ke can baya, ta fi sauran ɗaukar zafi. A tuƙin gari babu mai lura. A filin tsere, inda mota ke manne da bayan wata har iska ta kasa isa lagireto, abin yakan kai ga ƙonewar gasket ko lalacewar fistan.

Maganin sananne ne wajen makanikai: a mayar da mafitar baya, a ja dogon tiyo zuwa lagireto. Masu goyon bayan gyaran suna cewa ba ya ƙara gudu, inji kawai yake karewa. Maganar tasu ba ta cika ba. Injin da bai yi zafi ba yana riƙe ƙarfinsa har zagayen ƙarshe, lokacin da na maƙwabci ya fara gajiya, kuma a tseren da ake cinyewa da tazarar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, wannan riba ce. Masu adawa kuma sun san abin da suke tsoro, domin duk abin da aka halatta yau, gobe ya zama wajibi a kan mai son ya yi gogayya.

Amma akwai ma'aunin da ya fi waɗannan biyu amfani, wato ko alƙali zai iya ganin gyaran. A gasar ƙasa ta SCCA ta 2014 a Laguna Seca, an soke sakamakon motocin da suka zo sahun gaba saboda aikin da aka yi a cikin kan injinsu, abin da bai bayyana ba sai da aka kwance injinan bayan tsere. Irin wannan gyara ne ke cin amanar rukunin: yana da tsada, yana ɓoye, sai mai kuɗin biyan ƙwararren maƙeri. Tiyo da mahaɗinsa kuwa a fili suke, wanda ya ɗaga bonet zai gan su, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na sake gina inji ba. Mai inji biyu a ajiye ba ya asarar komai idan an hana. Wanda hanin ke cutarwa shi ne mai inji ɗaya tilo, wanda idan ya ƙone a watan Yuni, sai dai ya kalli sauran tseren shekarar daga bayan shinge.