Daga Burtali Zuwa Waya Mai Ƙaya

Duk wanda ya bar birnin Tawa ya kama hanyar Agadas zai ga ƙasa tana sake kama a gabansa sannu a hankali. Baƙaƙen duwatsun Adar masu shimfiɗaɗɗen kai, da fadamun da ake noman albasa a cikinsu, sai su riƙa ja da baya. Da an wuce tabkin Tabalak, kimanin kilomita 50 daga Tawa, gonakin hatsi sun fara sirancewa. Kafin a kai Abalak kuwa, sai tuddan rairayi da aduwa da farar ƙaya, da sarari iyakar ganin ido. Nan ne Adar take ƙarewa, Azawak ta fara. A wani ƙauye na wannan bakin iyaka aka haife ni, can kuma na yi wayo kafin lakwal ta kawo ni birni.

A takarda, wannan iyaka tana da ranar haihuwa. Ran 26 ga Mayu 1961, gwamnatin Nijar ta kafa doka mai lamba 61-05, wadda ta shata inda noma zai tsaya daga arewa, ta bar abin da ke gaba ga makiyaya. Amma mu da muka tashi a wurin ba mu san iyakar da lamba ba, da lokaci muka san ta. Da damina ƙasa ta manomi ce, dabbobi su yi arewa, wasu har ƙasar gishiri ta wajen Ingal. Da kaka, in an gama yankan hatsi an kai damma rumbu, sai a saki gonaki, garkuna su gangaro.

Saukowar nan tasu ita ce babban bikinmu na yara. Ƙura ce take fara ba da labari, sa'an nan kukan maruƙa, sa'an nan a hango jakuna ɗauke da ƙore da tabarmi. Shanun Azawak jajaye ne, gajerun ƙaho, da baƙi kewaye da ido kamar an sa musu kwalli, ga nono. Na Woɗaɓe kuwa dogaye ne masu duhun ja, ƙahoninsu kamar hannuwan mai roƙon ruwa. Akwai wani dattijon Bafillace da muke kira Baffa, wanda kowace shekara a gonar mahaifina yake kafa mashekarinsa. Shanunsa su ci kara, su bar mana taki, mahaifina kuma ya ba shi damman hatsi. Matansa su kawo nono da man shanu, iyayenmu mata su auna musu hatsi a ƙwaryar da aka juye nonon. Shanu uku na gidanmu suna cikin garkensa shekara da shekaru, ba takarda, ba shaida. In ya dawo daga arewa sai ya zauna bisa buzu ya ce wa mahaifina: “Malam, jar nan taka ta haihu, mace ce.” Iyakar lissafin ke nan.

Rijiya ma da tata ƙa'idar. Wanda ya gina ta shi ke fara shayarwa, amma ba ya hana baƙo. Sai dai baƙon ya yi sallama, ya nemi izini, a yanka masa kwanakin da zai yi gwargwadon ciyawar da ke kewaye. Da haka mai rijiya yake tsaron makiyaya ba tare da ya kafa ko sanda ɗaya ba.

Ina ɗan shekara biyar fari na 1984 ya sauka. Manya suna gwada shi da na 1973, ni kuwa abin da na riƙe shi ne ɗacin anza da aka jiƙa kwana da kwanaki, da ƙayar ƙarangiya a hannun mata masu sussuka ta don neman ƙwaya. A kasuwa saniya ba ta kai kuɗin buhun hatsi ba. Wanda yake da kuɗi a hannu a shekarar, ɗan kasuwa ko ma'aikaci, ya sayi garke da abin da bai taka kara ya karya ba. Baffa ya yi kudu da dabbobinsa, ya dawo bayan shekara biyu da ƴan tsiraru. Namu ukun ba sa ciki. Ya fara bayani, mahaifina ya ɗaga masa hannu ya ce: “Wanda ya ba mu shi ya karɓa. Zauna ka sha fura.” Sai da na girma na gane cewa ban da kashe dabbobi, farin ya yi wani aiki mai wuyar gyaruwa: ya sauya masu su.

A waɗannan shekaru ne kuma wasu baƙi na daban suke ratsa ƙasarmu. Kwaltar da aka shimfiɗa daga Tawa zuwa Arlit saboda yuraniyom, wadda aka gama wajen 1980, ta zama hanyar Turawa ƴan yawon buɗe ido. Wasu sukan ƙetaro hamada daga Aljeriya da tsofaffin motoci ƙirar Peugeot 504, su sayar a Nijar ko gaba da ita, su koma gida ta jirgi. Wasu kuma raye-rayen Woɗaɓe da tseren raƙuman Abzinawa suka zo kallo a taron shan gishiri na Ingal. Kalmar Faransanci ta farko da yaran bakin hanya suka iya ita ce “kado”, wato kyauta. Samarin da fari ya raba da shanu suka koma sayar da zobba da layun azurfa, ko yin ado su tsaya a ɗauke su hoto. Abin da ya faru a Cintabaradan a watan Mayu 1990, da tawayen da ya biyo baya, ya tsinke wannan zirga-zirga. Bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 baƙin sun komo, amma yawancinsu ta jirgi suke sauka Agadas. Tawayen 2007 da sace-sacen Turawa da suka biyo shi suka rufe kasuwar.

Abin da ya sa nake tuna waɗannan baƙi shi ne wani labari mai kama da namu da na tarar a karance-karancena, na yammacin Amurka, ƙasar manyan duwatsu da makiyayan shanu bisa dawaki. A can ma da fili a sake yake, har aka ƙago waya mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, aka bi makiyaya ana kewayewa. Daga baya wani sabon arziki ya zo, wato wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Kwarin Jackson Hole na jihar Wyoming, wanda gandayen kiwon shanu ne a da, an buɗe masa babban filin zamiya a 1965. Masu hannu da shuni suka zo hutu, wurin ya yi musu daɗi, suka sayi ƙasa suka gina gidaje. Farashin fili ya wuce abin da saniya za ta iya biya. Da yawa daga masu dafa musu abinci da share musu ɗakuna ba sa iya kama hayar ɗaki a garin, sai sun ƙetara dutse kullum daga jihar Idaho. Hular makiyayi da sirdinsa suna nan, amma a jikin bangon otal.

Mu baƙinmu ba su zauna ba. Sun kalla, sun ɗauki hoto, sun tafi. Amma waya ta iso mu, kuma ba Bature ne ya kawo ta ba. Tun a shekarun 1960 gwamnati ta gina rijiyoyin burtsatse masu inji a Azawak, ruwa na kowa da kowa, da kyakkyawar niyya. Sai dai inda ba mai rijiya, ba wanda zai ce wa baƙo kwanakinsa sun cika, don haka ciyawar kewayensu ta riƙa ƙarewa tun rani bai tsufa ba. Bayan farin 1973 aka kafa gandun kiwo na gwamnati a Ibesetan don a yawaita dabbobi a mayar wa makiyaya. Daga baya wasu attajirai suka kewaye nasu gandayen a ƙasar Abalak, fili mai faɗin da mutum zai yini yana bin gefensa. Wasu suka gina rijiyoyi na kansu suna sayar da ruwa. Motoci suna shiga daji suna kwashe busasshiyar ciyawa zuwa kasuwannin birni. Daga kudu kuma gonaki sun daɗe da tsallake layin 1961, don bakuna sun ƙaru, ƙasa ta gaji. Karan da a da ake bar wa shanun Baffa yanzu tattara shi ake yi a ɗora bisa itace, a sayar da bazara.

Doka ba ta yi shiru ba. Ta ran 20 ga Mayu 2010 kan sha'anin kiwo ta tabbatar cewa yawo da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi, ta kuma hana wani ya mallake makiyaya shi kaɗai. Amma doka a Yamai aka rubuta ta, rijiya kuwa tana daji, kuma wanda ya zo da shanu masu ƙishirwa ba ya da kwanakin zuwa kai ƙara.

Wata Lahadi a kasuwar dabbobi ta Tawa na haɗu da ɗan Baffa, wanda muka yi farautar ɓeraye tare a gonarmu muna yara. Ya kawo bijimai masu ƙiba. Na yi masa barka da arziki, sai ya yi murmushi ya ce: “Mushe, ai ni sanda kawai ce tawa. Mai su yana nan cikin gari, ta salula yake tambayata lafiyarsu.” Ana biyan sa a wata. Ba ya iya ba ɗan'uwansa aron karsana har ta haihu, irin yadda Fulani suke tayar da wanda ya faɗi, don ba a kyauta da abin wani. Shanu ba su ƙare a Azawak ba. Abin da yake ƙarewa shi ne mutumin da garke da hukuncin garken duka suke hannunsa, wanda zai iya cewa maƙwabci “zo ka ɗauka.”

Wannan asara har cikin harshe ana jin ta. A ajin Hausa nakan rubuta wa ɗalibaina kalmomi irin su mashekari da wasaki da burtali, in ce su ba ni ma'ana. Ƴan birni sukan yi shiru. Ran nan na bayyana musu cewa burtali hanya ce da manoma ke bari tsakanin gonaki don dabbobi su wuce zuwa ruwa da makiyaya. Wata yarinya ƴar Abalak ta ɗaga hannu ta ce: “Mushe, irin wanda furoje ya kafa wa ginshiƙan siminti?” Na ce shi ne. A zamanin mahaifina kunyar maƙwabci ce take tsaron faɗinsa. Yau siminti ne, kuma duk damina sai an samu wanda ya shuka hatsi a bayan ginshiƙin.