Sunan Da Jikana Zai Kira Ni Da Shi

A daren da ɗiyata ta fari ta sauka lafiya a gidanmu da ke Damagaram, inda ta zo goyon ciki, uwargidana ta leƙo zaure ta ce, "Malam, ka zama kaka." Na yi hamdala, amma kalmar ta tsaya mini a rai. Shekaruna 47, har yanzu ina hawa benen jami'a ba tare da dafa bango ba, furfurar gemuna kuma ana iya ƙirga ta. Kaka kuwa, a idona, tsoho ne mai sanda da buta da buzu.

Kalmar ba baƙuwa ba ce gare ni. Na sha gaya wa ɗalibai cewa "kaka" ba ta bambanta namiji da mace, sai an jingina ta ake gane jinsi: kakana, kakata. Jam'inta kakanni. Ɗan ɗa ko ɗan ɗiya jika ne, ɗan jika kuma tattaɓa-kunne. Duk wannan a allo na san shi, ban taɓa tunanin ranar da zai faɗo kaina ba.

Ranar suna, kwana bakwai da haihuwa, aka yanka rago, liman ya raɗa suna, sai na ji sunana ne. Surukina ya yi mini takwara. Wannan karamci ne babba, amma ya zo da ɗawainiya. Ɗiyata ba za ta iya kiran sunan mahaifinta ba, mijinta ma ba zai kira sunan surukinsa ba, don haka tilas a saka wa yaro laƙabi. Daga nan ne Hausawa suka sami su Abba da Baba da Babangida, da su Ummi da Mama ga ƴan mata. Kafin la'asar mata sun yanke hukunci: yaro ya zama Abba. To, ni ma Abba ƴaƴana suke kira na. Jariri ɗan kwana bakwai ya raba ni da sunan da nake amsawa shekara 23.

Ana tsakiyar wankan jego, gida na ƙamshin kunun kanwa, maijegon ta same ni bayan magariba, ta durƙusa ta ce, "Abba, idan ya fara magana, me kuke so ya riƙa kiran ku?" Ta ce ƙawayenta na Yamai suna koya wa yaransu "Papi", kalmar Faransanci. Ba zan ɓoye ba, ta yi mini daɗi a kunne, domin ba ta da sanda a cikinta. Na ce mata zan yi tunani.

Tunanin ya kai ni wurin kakana na wajen uba. Babu wanda ya tambaye shi abin da yake so a kira shi. Kullum yana zaure da almajiransa, sai wani yayanmu ya fara ce masa Baban Zaure, sunan ya bi shi har kabari. Sunansa na yanka ban sani ba sai ina da shekara 12, ranar da ake cika mini takardar makaranta. Haka abin yake a yawancin gidajenmu: jika yakan ɗauki abin da ya ji iyayensa suna faɗa, ko Malam ko Alhaji ko Baba, ya ƙara masa sunan gari ko na unguwa, ko harshensa ya lanƙwasa shi, kowa ya bi.

Abin da na fi tunawa da tsohon nan shi ne wasansa. Mahaifina ɗan farinsa ne. Ban taɓa jin ya kira sunansa ba, ban taɓa ganin sun haɗa ido suna dariya ba. Amma ni ina hawa bayansa, ina cire masa hula, ina ce masa kakata ta fi so na. Shi kuma ya ce ai ni rago ne, ba zan iya ciyar da ita ba. Ita kakar tana kira na angonta. A lokacin wasa kawai na ɗauke shi. Yanzu na gane cewa ƙaunar da kunya ta hana shi nuna wa ɗansa ce yake juye mini.

Ni ma ban tsira daga wannan ba, duk da karatun da na yi. Ɗiyar nan ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake cewa, ko "yarinyar nan". Tana jaririya ban ɗauke ta a gaban iyayena ba. Ranar da ta ci jarrabawar shiga jami'a, "madalla" kawai na ce, na shige ɗaki. Ba na zargin al'ada, domin ita ta koya mana kamun kai. Sai dai al'adar da ta rufe wannan ƙofa ita ce ta buɗe wata, kuma ba a shiga ta sai da sunan kaka. Wasan jika da kaka yana da dokokinsa, kowa ya san su, ba wanda zai ga rashin kunya. "Papi" ba ta zo da wannan izini ba. Ashe tsoron tsufa ne ya kusa sa ni guje wa abin da na daɗe ina bukata.

Ana jibi za ta koma ɗakin mijinta, bayan ta yi arba'in, na sa aka kawo mini yaron zaure. Na ɗauke shi a gaban baƙi, na ce masa ya yi hankali da matata. Mutane suka yi dariya. Uwarsa na tsaye a bakin ƙofa, ban dube ta ba na ce, "Ki koya masa Kaka. In bakinsa ya juya ta wani abu dabam, shi ma zan amsa."