Hannun Mai Fentin Tifa a Kan Riga

Ni ɗan Cheberu ne, sana'ata buga rubutu da zane a kan riguna. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, ta kuma zauna a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ɗalibai suka zama manyan masu sayen kayana. Su kuwa ba sa son rubutun kwamfuta mai tsabta. Irin wanda suke gani a waya suke so, haruffa masu kumburi da karkacewa, irin na masu fesa fenti a bango.

Wanda ya iya wannan ashe yana kusa da mu: wani dattijo mai fentin bayan tifa da gingimari, wanda kuma shi ke rubuta allon shagon aski da na masu shayi. Da na kai masa maganar, tambaya ɗaya ya yi mini: "Yaro, daga ina za a karanta shi?" Rubutun mota, in ji shi, ana karanta shi ne a guje cikin ƙura, don haka harafi sai ya yi kauri, a ba shi inuwa ta gefe guda, launi kada ya wuce uku. Riga ma tafiya take yi, tana lanƙwashewa. Wannan ƙa'ida ta rage mini asara, domin a bugun hannu kowane launi da ragarsa, siririn layi kuma shi ke fara toshewa a raga, shi ke fara gogewa a wanki.

Inda muka yi ta ja-in-ja shi ne ɗigon fenti. Ɗalibai na son a ga fenti yana zuba daga gindin harafi. Shi kuma a wurinsa wannan abin kunya ne, aikin ɗan koyo. Ƙarshe dai ya zauna da ɗan siririn burushi yana zana kowane ɗigo da gangan a kan kwali, yana tsaki, sai ga ɗigon ya fi na gaske kyau.

Akwai kuma abin da ya ƙi sam. Aya ko sunan Allah ba ya sa su a riga. "Mota ba ta shiga bayi," ya ce, "riga kuwa tana shiga, kuma a ƙasa ake jibge ta ranar wanki." Na riƙe wannan, ko nawa mai saye zai biya.

Masu cewa sa zanen bango a riga kwaikwayon Turawa ne ba su kalli tsofaffin gidajen Zariya da kyau ba. Dagin da ke jikin zaure shi ne a ƙirjin babbar riga, kuma kafin mai ɗinki ya soka allura a aska takwas, sai mai zane ya fitar da ita da alƙalami. A Amurka, Keith Haring ya fara ne da alli a tashoshin jirgin ƙasa na New York, sai a 1986 ya buɗe Pop Shop yana sayar da zanensa a kan riguna. Sunansa ya bi rigar, kuɗin ma ya bi sunan.

A nan ne namu suke cutuwa. Mai fenti ya saba a biya shi sau ɗaya, domin bango ɗaya ne. Zanen riga kuwa ana iya buga shi ɗaruruwa. Mun riga mun ga wani mai shago ya ɗauki hoton rigarmu da waya, ya buga nasa, bai ba dattijon ko sisi ba. Ni yanzu a kan kowace riga nake ware masa kasonsa, kuma 'yar alamar da yake sawa a kusurwar ƙofar tifa tana nan a gefen kowane zane. 'Yan'uwana masu buga riga a Birnin Kebbi da Jega da Kalgo, ku daina goge alamar mai zane, ku kuma biya shi da lissafin riga.