Tsohuwar Kwamfuta Da Aljihun Malami

A nan Gyallesu, kusan duk malamin da muka sani yana ɗan taɓa rubutu, to kwamfutarsa ta gwanjo ce, tafi-da-gidanka wadda ta sha duniya kafin ta iso hannunsa. Tamu ma haka take. A cikinta muke buga tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai, a cikinta kuma littafin da muke fatan fitarwa yake kwance. To ga shi ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10, aka yi ta ce mana sai mu sayi sabuwa. Mu kuwa da muka san albashin malami, muka ce bari mu fara gyara ta hannunmu.

Abu na farko, nawar da kwamfuta ke yi ba koyaushe ne tsufa ba. Sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe fankarta, ta ɗau zafi, ta rage gudu don kada ta ƙone. A kai ta a buɗe a share, kuma a daina ɗora ta a kan katifa. Na biyu shi ne RAM, wato wurin da take shimfiɗa aikin da ake kai, kamar teburin malami. Muka ƙara namu daga 4GB zuwa 8GB, sai ta daina tsayawa cik in an buɗe takardu da yawa. Amma a duba iri kafin a biya, domin DDR3 ba ya shiga ramin DDR4. Na uku, wanda ya fi duka amfani, shi ne cire tsohon faifan ajiya mai juyawa a sa SSD. Tsohon yana karanta kimanin 100MB a daƙiƙa guda, SSD kuwa kusan 500MB, ga shi ba shi da allurar da girgiza za ta lalata.

Sai dai a sani, waɗannan duka ba za su sa ta karɓi Windows 11 ba, matuƙar ba ta da abin tsaron nan TPM 2.0. Mai irin wannan na iya komawa Linux Mint da LibreOffice, kyauta suke, kuma sun wadaci marubuci. Kafin kuma a miƙa ta ga kowane mai gyara, a kwafe rubutu a filashi, a kuma aika wa kai ta imel. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sai batun intanet. In ta ƙi, muna bin abin daki-daki, ba mu fara da zargin kwamfuta. A danna *323# a ga ko data ce ta ƙare. In akwai, a kashe waya ko ɗan akwatin MiFi, a jira kaɗan, a kunna. A matsar da shi bakin taga, domin rufin kwano da katanga mai kauri na raunana sigina. In waya na buɗe shafi amma kwamfuta ta ƙi, to a sa ta manta da wannan Wi-Fi ɗin a sake haɗawa, a kuma duba kwanan wata da agogonta, domin in sun karkace shafuka da yawa ba sa buɗewa. Unguwarmu ta ɗalibai ce, kusa da Kongo, don haka da dare layi kan cushe, bayan sallar asuba muke tura manyan takardu. Bugu da ƙari, tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, muka saita Windows a kan layi mai awo, don kada ta riƙa shanye mana data a ɓoye.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, wato haruffan nan masu lanƙwasa. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro salon haruffa na Rabi'at da Abdalla, suka share wa marubuta hawaye. Amma rubutun da aka buga da irinsu, in aka buɗe shi a kwamfutar da babu su, sai ƙ da ɗ da ɓ su rikiɗe su zama wasu alamomi. Yau Windows na da allon rubutun Hausa mai bin tsarin Unicode, wanda haruffansa ba sa sauyawa duk inda aka tura. Duk mai tsohon rubutu ya mayar da shi kan wannan tsari tun kafin ya aika wa maɗaba'a ko editan wannan mujalla, kada ƙasa ta koma kasa.

Wanda Allah Ya hore wa, ya sayi sabuwa. Mu dai ta hannunmu na aiki, kuma babi na gaba na jira. Allah Ya ƙara mana basira, amin.