Mai Keke a Gaɓar Jakara

Da sassafe, kafin kasuwar Sabon Gari ta cika, kekuna kan fito daga lambunan Kwakwaci ɗauke da latas da alayyahu, suna bin gaɓar Jakara. Wani zai ce zamanin keke ya wuce tunda A Daidaita Sahu ya mamaye titi, kuma ta fuskar sauri yana da gaskiya. Sai dai mai taka feda shi ke lura da inda ruwa ya yi baƙi, da inda bulo ya cinye fadamar bara.  Wataƙila ƙasa a hankali take sauyawa, sai mai tafiyar sannu ke iya shaidarta. Lambunan Kwakwaci dai kullum raguwa suke yi.